Kuka a Bakin Hanya

Karatu: Markus 10:46-52, 1 Sarakuna 19:1-8

Ina roƙonka ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta nassoshin nan biyu tukuna, sa'an nan mu yi nazari tare.

Wata 'yar'uwa mai sauraronmu ta rubuto mana wasiƙa daga Injamena, babban birnin ƙasar Chadi. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuwa zan faɗi sunan wurin aikinta ba. Tana aiki ne a wani gida inda ake kula da yara da samari masu nakasar ƙwaƙwalwa. Ta ce akwai wani yaro mai kimanin shekara 14 a hannunta, ba ya magana. Kowace rana idan lokacin abincin rana ya matso, sai ya fara ihu, yana buga kansa da bango, yana cizon bayan hannunsa. Wata rana cikin zafin watan Afrilu ta je ta riƙe shi, sai ya cije ta har jini ya fito. Ta ce ba ta san lokacin da ta mare shi ba. Ta ja shi ta kulle a ɗakin ajiya har la'asar. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Tambayoyi uku ta yi mana. Ko aljani ne yake damun yaron? Ko Allah zai gafarta mata? Ko ta bar aikin? A ƙarshen wasiƙar ta ƙara wata magana da ta tsaya mini a rai. Ta ce ranar da aka ɗauke ta aiki, a ranar ta fara, ba wanda ya taɓa koya mata abin da za ta yi idan yaro ya birkice.

Na san ba ita kaɗai ba ce. Wataƙila kai ma da kake karanta wannan kana da irin yaron nan a gidanka, ko a makwabta, ko a makarantar Lahadi. Saboda haka amsar da zan ba ta, kai ma taka ce.

Bari mu je Yariko. Yesu yana fita daga garin, almajiransa da babban taro suna biye da shi. A bakin hanya ga wani makaho mai bara, Bartimawas ɗan Timawas. Da ya ji Yesu Banazare ne yake wucewa, sai ya ta da murya yana neman jinƙai. Me taron ya yi? Suka kwaɓe shi, suka ce ya rufe baki. Ka lura da kyau, waɗannan ba maƙiyan Yesu ba ne. Mutane ne masu tafiya tare da shi. A ganinsu mutumin nan yana ɓata tsari, yana damun Malam. Da suka kwaɓe shi kuwa, ya yi shiru? A'a, sai ya ƙara ɗaga murya. Duk wanda ya taɓa kula da irin yaran da muke magana a kansu ya san wannan. Tsawa ba ta kashe kuka, ƙara masa wuta take yi.

Yesu fa? Yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, ya san gicciye yana jiransa. In akwai wanda yake da hujjar yin sauri a ranar, shi ne. Duk da haka ya tsaya. Ya sa aka kira mutumin. Sa'an nan ya tambaye shi bukatarsa. Wani zai ce, ina amfanin tambayar makaho abin da yake so? Ai a fili yake. Amma ka duba baya kaɗan cikin surar nan, aya 36. Irin tambayar nan ce Yesu ya yi wa Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, sa'ad da suka zo neman manyan kujeru. Darajar da ya ba manyan almajiransa, ita ya ba mai bara a bakin hanya. Bai yanke masa hukunci daga nesa ba, ya bar shi ya faɗi da bakinsa.

Na sani Bartimawas makaho ne, hankalinsa lafiya, yana kuma da bakin magana. Yaron da ke Injamena ba shi da kalmomi. To, wannan shi ya sa al'amarinsa ya fi tsanani. Idan haƙori yana yi maka ciwo, za ka ce haƙorina. Idan ƙara ta dame ka, za ka ce a rage. Wanda ba shi da kalma ko ɗaya fa, da me zai faɗa? Da jikinsa zai faɗa. Ihun nan, da cizon nan, da buga kan nan, maganarsa ke nan. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Aikin mai kulawa na fari shi ne ya tsaya kamar yadda Ubangiji ya tsaya, ya nemi sanin abin da kukan yake nema.

Kafin mu ci gaba, bari in amsa tambayar 'yar'uwarmu ta fari. Mutanenmu suna da sunaye masu zafi da suke kiran waɗannan bayin Allah. Wasu su ce dolo, wasu su ce gaɓo, wasu su ce ɗan ruwa ne, a mayar da shi kogi. A wasu ƙasashen da ake Faransanci akan ce 'ya'yan maciji ne. Almajiran Yesu ma sun taɓa irin wannan tunani. A Yahaya sura 9, da suka ga wanda aka haifa makaho, suka so su san ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya ƙi duka biyun. Littafi Mai Tsarki ya koya mana cewa mugayen ruhohi suna nan, ba mu musu. Amma bai ce kowace nakasa aikinsu ce ba, kuma bai ba mu izini mu liƙa wa yaro aljani don mun rasa fahimtarsa ba.

Yau Allah ya ba likitoci sanin da yawa daga cikin dalilan. Doguwar naƙuda takan hana jariri iska, ƙwaƙwalwa ta sami rauni. Shawara mai tsanani a makon haihuwa takan yi haka. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yakan yi haka. Rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki yakan yi haka. Akwai larurar da ake kira da sunan Dokta Down, wadda a 1959 masana a Faransa suka gano cewa ƙari ne a cikin ƙwayoyin gado na yaro, tun daga cikin ciki, ba laifin uwa ba, ba na uba ba. Akwai kuma otizim, inda yaro yakan sha wuya wajen magana da cuɗanya, ƙara ko haske ko taɓawa su dame shi fiye da sauran mutane. Ga kuma sanƙarau, wanda mutanen Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya suka sani sarai a lokacin bazara. Yaran da suka tsira daga gare shi, wasu sukan kurumce, wasu hankalinsu ya taɓu. A watan Disamba na 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8 sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a Injamena da yankuna biyu na kusa da ita, a shekarar da ta biyo baya kuwa cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 a wuraren idan aka gwada da inda ba a yi allurar ba. Mu gode wa Allah saboda wannan. In allura ta iya tare abu, to, kada mu yi saurin cewa maƙwabciya ce ta yi jifa.

A kan takarda an yi ƙoƙari. Ƙasar Chadi ta kafa dokar kare naƙasassu a 2007, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2019. Tun 1998 aka buɗe wata cibiya a Injamena mai suna CESER domin koyar da yara masu jinkirin hankali, a lokacin da iyaye da yawa suke ɓoye irin yaran nan a ƙuryar ɗaki. Duk wannan abin yabo ne. Amma ya ɗan'uwana, da tsakar rana idan yaro ya fara buga kansa da bango, doka ba ta shiga ɗakin. Ma'aikaciya ce take ciki, ita da abin da aka koya mata, ko abin da ba a koya mata ba.

To, me ya kamata a koya mata?

A 1982 wani masani a Amurka mai suna Brian Iwata da abokan aikinsa suka yi nazari a kan yara tara masu ji wa kansu ciwo. Suka riƙa sa su cikin yanayi dabam dabam suna lura. Wani lokaci a ba yaro aiki mai wuya, wani lokaci a bar shi shi kaɗai, wani lokaci babba ya zauna kusa amma ya kau da kai. A shida daga cikin taran suka ga cewa halin yana ƙaruwa ne a yanayi guda takamaimai. Wato ba hauka ba ne marar kai da gindi, kowane yaro yana da abin da yake nema. Daga irin wannan bincike aka gane cewa yawancin halin nan yana fitowa ne daga ɗayan abubuwa huɗu. Ko dai mutumin yana neman a kula shi, ko yana gudun wani abu da ya fi ƙarfinsa, ko yana son wani abu a hannunsa kamar abinci ko ruwa, ko kuwa jikinsa ne yake neman wani irin motsi ko sauƙin wani ciwo. Yara biyu za su iya yin cizo iri ɗaya, ɗaya yana cewa zo, ɗaya yana cewa tafi. In ka ba su magani ɗaya, ka ɓata ɗaya.

Yaya za ka gane? Ba sai da na'ura ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro sun isa. Ka ja layi ka raba shafi gida uku. A gida na fari ka rubuta abin da yake faruwa kafin ya birkice: ƙarfe nawa, a ina, wa yake wurin, me aka ce masa, ya ci abinci ko bai ci ba. A na biyu ka rubuta abin da ya yi daidai yadda ido ya gani. Kada ka rubuta “ya yi rashin kunya,” wannan hukunci ne. Rubuta “ya buga goshinsa da bango sau biyar.” A na uku ka rubuta abin da ya biyo baya: wa ya zo, me aka ba shi, me aka ɗauke masa. Ka yi haka mako biyu ba fashi, sa'an nan ku zauna ku karanta tare. Sau da dama abin da ya shige muku duhu shekara guda zai fito fili a shafi uku. Ni a ganina rubutun nan ma ibada ce, domin mai rubutawa ya daina kwaɓa, ya fara saurare.

Amma tun kafin mako biyun su cika, a duba jiki. Nan ne karatunmu na biyu ya shigo. Annabi Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya ji barazanar Yezebel ya gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. In da mu ne, da mun fara yi masa wa'azi a kan rashin bangaskiya. Allah bai yi haka ba. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya, aka sāke tashe shi ya ci. Sai daga baya, a Horeb, aka yi magana. Wanda ya yi mu daga ƙurar ƙasa ya san cewa yunwa da gajiya sukan sa annabi ma ya faɗi abin da bai kamata ba. Balle yaron da ba ya iya cewa kaina yana ciwo.

Saboda haka a duba haƙora. A duba kunne, gama yaro mai dukan gefen kansa sau da yawa kunne ne yake ci masa. A tambaya yaushe rabonsa da bayan gida, domin taurin ciki yana yawan damun waɗannan yara, musamman masu shan wasu magunguna. A duba ƙafa ko ƙaya ta shiga. In budurwa ce a lura da kwanakin al'adarta. A tuna da zafi. A Injamena daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, mai lafiya ma ransa a ɓace yake a ƙarƙashin rufin kwano. Yaron ya sha ruwa? Ya yi barci jiya? Masu farfaɗiya kuma suna da yawa a cikinsu, wani yakan birkice kafin ta tashi ko bayan ta sake shi. In ta kama mutum, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa. In ta wuce minti 5 a kai shi asibiti. Yawunsa ba ya sa wa kowa cutar, kada ka gudu ka bar shi a ƙasa.

'Yar'uwata, ban ga yaronki ba, ba zan yanke daga nan ba. Amma kin ba mu babban haske da kika ce kullum dab da abincin rana ne. Wataƙila yunwa takan kama shi tun ƙarfe 11, yana jin ƙanshin miya, bai kuwa san ma'anar jira ba. Wataƙila ƙarar kwanuka da hayaniyar yara ce take huda masa kai. Wataƙila akwai ruɓaɓɓen haƙori, ganin tuwo yana tuna masa azabar tauna. Littafinki zai gaya miki. In yunwa ce, ɗan kunu da hantsi zai yi abin da mari bai yi ba. In ƙara ce, ki zaunar da shi a inuwa can gefe ya ci kafin sauran. In haƙori ne, sai wurin likita.

Bayan an gane bukatar, sai mataki na gaba, wanda ya fi daɗi. A ba shi wata hanyar faɗa. A 1985 Edward Carr da Mark Durand suka nuna cewa idan aka koya wa yara su nemi taimako ko su nemi a kula su da 'yar gajeruwar magana, halin tashin hankalin yakan ragu ƙwarai, domin sun sami hanya mafi sauƙi ta samun abin da suke so. Wanda ba ya magana sam, a koya masa alama. Ya miƙo moɗa in yana son ruwa. Ya taɓa hoton kwano in yana jin yunwa. Ya ɗaga tafin hannu in yana son a ƙyale shi. Ana koyarwa ne lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a tsakiyar rikici ba. Ka kama hannunsa a hankali ka nuna masa, da ya yi kuwa, ka ba shi abin nan take, ka yaba masa da fara'a. A farko kada ka ce ya jira. Dole ya gane cewa moɗa ta fi cizo saurin kawo ruwa. Zan kuma gargaɗe ka da abu guda don kada ka karai. Sa'ad da tsohuwar hanya ta daina biya masa bukata, yakan ƙara ƙarfi na 'yan kwanaki kafin ya sake ta. A nan ne mutane da yawa suke cewa abin bai yi ba, su koma ga bulala. Ka daure. Sannu ba ta hana zuwa.

Wajibi ne kuma dukan ma'aikata su zama bakinsu ɗaya. In mai aikin safe ta bi tsarin, mai aikin dare ta yi yadda ta ga dama, yaro zai rikice. A birni kamar Injamena wannan yana da wani nauyi na musamman. Yaro ɗaya zai ji Larabcin Chadi daga wannan, Faransanci daga wancan, Ngambai ko Hausa a gida. Mai cikakken hankali yana iya ɗaukar wannan, amma wanda kalma goma ce dukiyarsa, a tausaya masa. Ku tambayi uwarsa kalmar da ya sani ta ruwa, da ta abinci, da ta bayan gida, kowa ya riƙe ta. Uwa ita ce malama ta fari a kan ɗanta, kada takardar shaida ta sa ku raina ta.

To, in guguwar ta riga ta taso fa? A lokacin ba a koyarwa, ba a gardama, tsare rai ake yi. Ka sassauta murya. Mutum ɗaya ya yi magana, da gajerun kalmomi, sauran su ja da baya. A fitar da sauran yara. A kawar da wuƙa, da ruwan zafi, da kwalba. In yana buga kai, a sa matashi ko tabarma a naɗe tsakaninsa da bango. Ka tsaya ta gefensa, ka bar masa hanyar fita, kada ku kewaye shi kamar an kama ɓarawo. Riƙewa sai in rai yana cikin hatsari, na ɗan lokaci kaɗan, kuma a hannun wanda aka horar. Kada, ina sāke faɗi, kada a kifa mutum rubda ciki a danne masa baya ko wuya. Mutane sun mutu ta haka, numfashi ya ƙare musu ana tsammani sun huce ne. In ya huce, a ba shi ruwa, a bar shi ya huta, kada a tsare shi da tuhuma.

Na san wani dattijo zai ce, Malam, ai Karin Magana ta yi zancen sanda. Gaskiya ne, tana nan a sura 13 aya 24. Amma manufar horo ita ce yaro ya koyi hanya. In ka doki wanda haƙori yake yi wa ciwo, me ya koya? Ya koyi cewa ciwo biyu ne yanzu, kuma hannun da yake ba shi abinci abin tsoro ne. Manzo Bulus ya gargaɗi iyaye a Afisawa 6:4 kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Mari, da sarƙa, da kulle a ɗaki, da hana abinci, ba horo ba ne, zalunci ne, ko da a harabar majami'a aka yi shi. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ta sami shaidar ana ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a ƙasashe 60, a gidaje da wuraren magani da wuraren addu'a. Abin kunya ne a ce har da inda ake kiran sunan Yesu. Kada kuma ka ce talaucinmu ne ya jawo. A 2011 gidan talabijin na BBC ya ɗauki hoto a ɓoye a wani asibiti mai suna Winterbourne View kusa da Bristol a Ingila, aka ga ma'aikata suna dukan masu nakasar ƙwaƙwalwa, suna danne su, suna yi musu ba'a. Aka rufe wurin, ma'aikata 11 suka amsa laifi a kotu, aka ɗaure 6. Akwai kuɗi a wurin, akwai gini mai kyau. Abin da ya ɓace shi ne ido mai lura da zuciya mai tsoron Allah.

Addu'a fa? Mu yi ta ba fasawa. Ka ɗora hannu a kan yaron a hankali in ya yarda, ka sa masa albarka, ka raira masa waƙar da yake so. Amma a taru a kansa ana ihu cikin lasifika, ko a sa shi azumin dole, ko a ce uwarsa ta zubar da maganin farfaɗiya don nuna bangaskiya, wannan ban ga Ubangijinmu a cikinsa ba. Tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya kashe mutum. Fasto, ka ji tsoron Allah a kan wannan.

Yanzu gare ku shugabannin irin waɗannan gidaje, da dattawan ikkilisiya masu ɗaukar nauyinsu. Marin da 'yar'uwar nan ta yi, hannunta ne ya yi, amma akwai rabonku a ciki. Ba a ba mutum babur ranar da ya fara ganinsa a ce ya ɗauki fasinja. Yaya za a miƙa wa mace rayuka goma ba tare da koyarwar yini ɗaya ba? Sabon ma'aikaci ya bi tsohon hannu na 'yan makonni kafin a bar shi shi kaɗai. Kowane yaro ya kasance da takardarsa: abin da yake so, abin da yake tsoro, alamun da yake yi kafin ya birkice, abin da yake kwantar masa da rai. Lacca ta yini ɗaya ba ta isa ba, sai an gwada a aikace, mai koyarwa yana tsaye yana gyarawa, a kuma maimaita lokaci lokaci. Bayan kowane rikici a zauna a tattauna ba tare da neman wanda za a kora ba, in ba haka ba kowa zai riƙa ɓoyewa. A biya albashi a kan kari. A ba da ranar hutu. Surukin Musa, Yetro, ya gaya masa a Fitowa 18 cewa aikin zai gajiyar da shi in ya ɗauka shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gurasa da ruwa da barcin da aka ba Iliya, ma'aikaciya ma tana bukatarsu, domin gajiyayyen hannu shi ne mai saurin mari.

Zumuntar Mata, ku ma ga ƙofa a buɗe. Akwai uwar da ta shekara biyar ba ta zo sujada ba, domin ranar da ta zo ɗanta ya yi ihu, aka juyo ana hararar ta. Mu ne taron Yariko a ranar. Amma ka tuna, mutanen da suka kwaɓi Bartimawas, su ne Yesu ya aika su kira shi, suka je suka ƙarfafa shi ya tashi. Mace biyu su je gidan uwar nan ranar Asabar su zauna da yaron awa biyu, ta je kasuwa, ko ta yi barci kawai.

'Yar'uwata a Injamena, saura tambayoyinki biyu. Abin da kika yi zunubi ne, ba zan shafa masa mai ba. Kin riga kin sani, shi ya sa barci ya ƙi. Amma 1 Yahaya 1:9 domin irinmu aka rubuta ta. Ki hurta a gaban Allah, zai gafarta, gama jinin Yesu ya isa. Sa'an nan ki gaya wa shugabanku abin da ya faru, ki roƙi a koya muku aikin, ke da abokan aikinki. Ki sa a duba cizon da ke hannunki, cizon mutum yakan yi ƙwari. Ki kuma je wurin yaron, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ce masa ki yi kuskure, ya yafe miki. Kada ki ce ba zai gane ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa ya fi mu iya karanta fuska. Zai yiwu ya guje ki na kwanaki, ki ba shi lokaci. Batun barin aiki kuwa, in kin ga fushin yana dawowa har ba ki amince da hannunki ba, ki nemi hutu, ko a sauya miki wani sashe, wannan ba abin kunya ba ne. Amma kada ki gudu saboda laifin da aka riga aka gafarta. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, bayan haka ne aka damƙa masa kiwon tumaki. Gobe da safe ki sayi littafin rubutu, ki ja layi biyu a shafin fari.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na Sama, muna kawo maka yaron nan da ke Injamena, kai ka san sunansa, ka kuma san abin da yake yi masa ciwo da tsakar rana. Ka bayyana shi ga masu kula da shi. Ka gafarta wa baiwarka, ka warkar da hannunta, ka mayar mata da barcinta. Ka ba shugabannin gidan zuciyar koyar da ma'aikatansu, ka tanada musu masu koyarwa da abin biyan albashi. Ka tuna da iyaye mata da suke kulle a gida tare da 'ya'yansu a Chadi da Kamaru da Nijar da Nijeriya, ka aiko musu da masu taimako daga cikinmu. Waɗanda suke ɗaure da sarƙa a daren nan, ka aiko wanda zai kwance su. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.